Kalmar Sirri a Hannun da Ya Karye

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, in da zafi ma hura.

To. A Kimba, can ƙasar Jega, akwai wani dattijo Malam Audu, mai gadin rumbunan albasar wani attajiri da ake ce wa Alhaji Zayyad. Irin rumbunan nan ne na kara da ciyawa da muke ce wa rudu, inda ake jibge albasa bayan an cire ta, a jira ta yi daraja. Kun dai san kara da bazara, ko hararar sa ka yi sai ya kama.

Wata Juma'a da tsakar rana, maza duk sun tafi masallaci, wuta ta tashi a rumbunan. Kafin a sallame a dawo babu abin da ya rage sai toka da warin ƙonanniyar albasa. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, kwanaki kaɗan kafin nan Alhaji ya ce wa Malam Audu tsufa ya kama shi, zai nemi wani mai gadin, suka yi cacar baki a gaban mutane. Ga shi kuma shi kaɗai ne a wurin da wutar ta tashi. Kafin la'asar yana caji ofis a Jega, hannayensa duk ƙuna. Aka ce Litinin za a kai shi kotu, daga nan sai gidan yari a Birnin Kebbi. Tsoho ne mai hawan jini, wanda ko kwanan gidan wani bai saba ba.

Yana da ɗiya Mufida, tana aure a Maiyama. Mijinta Waliyyu mai haɗa sola ne da gyaran wayoyin wuta, kuma shi ne ya taɓa ɗaura wata ƙaramar kyamara a kan darbejiyar da ke kallon rumbunan, saboda ɓarayi. Yana jin labari ya hau babur ya je ya ciro katin kyamarar, ya dawo gida ya sa a laftof ɗinsa ya kalla. Ya ɗago kai ya ce wa Mufida, "Baba ba shi da laifi. Na gani da idona. Gobe da sassafe in kai musu su ma su gani."

Waliyyu mutum ne mai tsantseni. Bai kwanta ba sai da ya kwafe komai a wani faifan ajiya, ɗan akwati baƙi kamar sabulun wanka, ya ba Mufida ta jefa a cikin langar da take ajiye turare, inda faifan ya saba zama.

Da safe a kan hanyar Jega, wata akuya ta gitta masa. Ya kauce mata, babur ya kwashe shi, ya faɗi a kan hannun dama. Jakarsa kuwa ta gangara tsakiyar titi, tirela ta bi ta kai. Laftof da katin da ke cikinta suka zama kamar ƙwai a ƙarƙashin turmi. Shi kuma aka ɗauke shi sai Aliero, gidan wani mai ɗori Baba Yahaya, don ƙasusuwan bayan hannunsa sun karye, har da yatsu biyu.

Kun ga Mufida ke nan, uba a kulle, miji a ɗaure.

Ta kwana wajen mijin a Aliero. Washegari ya ce mata, "Ki koma gida ki ɗauki faifan nan na cikin langa, ki kai wa Salima a Jega. Ki ce ni na aiko ki."

Salima mai gyaran kwamfuta ce, shagonta na bayan tasha, tsakanin mai sayar da taya da mai shayi. Mace ce doguwa marar yawan magana, ta yi karatun abin a jami'a. Ranar Lahadi ce amma ta buɗe saboda su. Ta karɓi faifan ta shinshina.

"Wanga faifai ya fi ni ƙamshi," in ji ta. Ta jona shi da kwamfutarta. "Bari in fara kwafe shi tukuna. Ba a wasa da abin da babu na biyunsa."

Mufida ta zauna a kan benci tana murza bakin mayafi. Kwafar nan ta ɗauki lokaci, layin da ke sikirin yana tafiya kamar hawainiya. Da ya cika, Salima ta buɗe, sai ta ɓata fuska.

"Yaya Salima, mi ya faru? Ya lalace?"

"Bai lalace ba. Matso ki gani."

Mufida ta leƙa. Ga abubuwa nan birjik, amma sunan kowanne wani dogon shirme ne na haruffa da lambobi, ba kai ba gindi.

"Mijinki ya kulle ɗakinsa na cikin kwamfuta gaba ɗaya," in ji Salima. "Kamar rumbu ne. Hatsin duk yana ciki, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Makullin rumbun yana cikin wani ɗan akwati, ga shi nan na gan shi. Shi kuma akwatin, kalmar sirrin da yake shiga kwamfuta da ita ce ke buɗe shi. Kin san ta?"

"Ni? Ko wayarsa ban san ta ba."

Aka kira Aliero, ƙanen Waliyyu ya kara masa waya a kunne. Ya faɗi kalmar, harafi bayan harafi, Salima tana bugawa. Kwamfuta ta ƙi. Ya sake, a hankali. Ta ƙi. Suka gwada da manyan baƙaƙe, suka gwada da ƙanana. Gumi ya fara tsattsafo wa Mufida duk da fankar da ke kaɗawa.

Salima ta ƙura wa sikirin ido, sannan ta ɗauki wayar. "Waliyyu, ka taɓa canza kalmar nan?"

"Na canza. Da daɗewa."

"To ga inda gizo ke saƙar. Kullum hatsin kake kwafewa, amma akwatin makullin sau ɗaya ka kwafe shi, tun ranar farko. Kwanan watansa na shekarar aurenku ne. Tsohuwar kalmar yake so, ba wagga ba."

Ta cikin wayar ana jin kukan wani da ake ja wa ƙafa a gidan ɗorin.

"Ranar da ka kulle," Salima ta ci gaba, "kwamfuta ta nuna maka wasu dogayen lambobi ta ce ka adana. In akwai su, ba mu buƙatar kalma."

"Na ce mata sai anjima," in ji Waliyyu da ƙaramar murya.

"Duk haka kuke ce mata. To tsohuwar kalmar fa?"

"Salima, ba kalma ba ce. Ba ta da ma'ana. Wani zagaye ne nake yi da yatsu, hannu biyu. Ban taɓa faɗin ta da baki ba, ban san haruffanta ba."

Mufida ta karɓi wayar. Ba ta kiran sunan mijinta, da sunan ɗiyarsu take kiran sa. "Baban Amira, gobe ne fa."

"Na sani."

Ta juya wajen Salima. "Ba a iya fasa shi? Ku da kunka yi karatu?"

"Da ana iya fasawa da ba a kira shi kulle ba. Ko duk kwamfutocin Kebbi anka haɗa, jikokinki ba su ga ƙarshen aikin ba." Ta rufe laftof ɗinta ta zura a jaka. "Tashi mu tahi Aliero. In baki bai sani ba, a tambayi hannu."

Suka shiga motar haya, aka matse su a baya da wata mata mai kaji. Mufida ta rungume jakar a ƙirji kamar jinjiri. Da suka wuce ta gaban caji ofis ta kau da kai.

Gidan Baba Yahaya babban gida ne, rumfa bayan rumfa, ko'ina mutane a kwance da ƙafafu da hannaye a ɗaure cikin karare da tsumma, wasu daga Nijar ma suka zo. Warin man shanu da hayaƙi ya cika wurin. Waliyyu na jingine da bango a kan tabarma, hannun dama a naɗe tun daga gwiwa har kan yatsu, an ɗora shi a kan matashi.

Salima ta ajiye masa laftof a gaba, ta buɗe farin shafi. "Duk abin da ka buga a nan zai fito a fili, in kwashe in gwada. Fara da hagun."

Hannun hagu ya hau kibod, ya yi ɗan motsi, haruffa huɗu suka fito. Ya tsaya.

"Daga nan na dama ke karɓa," in ji shi. "Sannan su haɗu."

"Ni in zama hannun damanka," in ji Mufida. "Faɗa mini inda zan taɓa."

Suka gwada. Ya ce sama, ya ce a'a ƙasa, ya ce kusa da wancan. Salima tana kwashewa tana gwadawa, kwamfuta tana ƙi. Tun ana lissafi har aka daina. Wani direba mai karyayyar cinya a tabarmar kusa, wanda ya kasa kunne tun farko, ya ce, "Malam, gwada sunan tsohuwar budurwarka mana. Uwargida ta toshe kunne." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Waliyyu ya rufe ido. "Da na yi tunani sai ta gudu. Tana nan cikin hannun, ina jin ta. Sai an kwance."

Daidai nan Baba Yahaya ya iso, gajeren tsoho mai faffaɗan hannu, da ƙoƙon man shanu. Ya ji maganar ƙarshe.

"A kwance mi?"

Waliyyu ya yi masa bayani tun daga wutar har zuwa kalmar. Tsohon ya saurara bai katse shi ba, sannan ya tsuguna ya nuna ɗaurin.

"Yaro, ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne kamar na tsuntsu. Jiya na jera su ɗaya bayan ɗaya, sun fara neman juna. In ka motsa su yanzu, zan sake jerawa, amma ban yi maka alkawarin su koma inda suke ba. Mi kake yi da hannun nan?"

"Haɗa wayoyin wuta."

"To ka ji. Mai noma in yatsa ya sandare ya riƙe fartanya. Kai fa?"

Mufida ta dubi ɗaurin. Ga ubanta, ga hannun da ke ciyar da gidanta. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kada ka yi. Mu je ka faɗa musu abin da ka gani."

"Shaidar suruki?" in ji Waliyyu. "Wa zai karɓa? Ni ma da ni ne su ban karɓa ba."

"A nemi beli."

"An nema jiya, kin sani."

Ku kuwa kun san tsakanin mutum da surukinsa. Tun da Waliyyu ya auri Mufida bai taɓa cin abinci a gaban Malam Audu ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In sun haɗu a hanya, ya cire takalmi ya durƙusa, gaisuwa ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Duk maganar da suka taɓa yi a duniya ba ta cika cokali ba.

Ya dubi Baba Yahaya. "Baba, a kwance."

"Sake faɗa da ƙarfi, mutanen nan su ji. Kada gobe a ce Yahaya ya ɓata hannun ɗan mutane."

"Ni na ce a kwance. Hannuna ne, na yafe."

Tsohon ya yi bisimilla ya fara warware tsumman. Ya zare kararen ɗaya ɗaya. Hannun ya fito a kumbure, ya yi baƙi-baƙi, yana ƙyallin mai. Baba Yahaya ya tallafe wuyan hannun da tafinsa ya kai shi kan kibod.

"Ina riƙe da nan. Yatsu kaɗai. Kuma ba zan bar ka ka yi ta yi ba."

Waliyyu ya ja numfashi. Hagu ya fara, dama ya karɓa. Yatsan tsakiya na sauka, sai ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya daure ya kai ƙarshe. Salima ta juyo da laftof ta kwashe ta gwada.

Ta girgiza kai.

"Na yi tunani a tsakiya," in ji shi, gumi na zuba daga haɓarsa. "Zafin ya sa na tsaya, da na tsaya na ɓata."

Baba Yahaya ya taɓa bayan hannun da babban yatsa, fuskarsa ta canza. "Ɗaya ya goce. Saura sau ɗaya, in mayar da ɗauri, ko ta buɗe ko ba ta buɗe ba."

Har masu jinya daga wasu rumfunan sun taso sun tsaya. Ladan ya fara kiran la'asar daga nesa.

Mufida tana durƙushe, idonta a kan hannun. Sai wani abu ya faɗo mata. Lokacin tana amarya, ɗaki ɗaya gare su. Kowace safiya tana haɗa shayi ta ba shi baya, shi yana buɗe kwamfuta. Ba ta taɓa ganin abin da yake bugawa ba, amma ta ji shi har ya zauna mata a kunne, yadda mace ke gane luguden maƙwabciyarta ta bayan katanga. Har tsokanar sa take yi da shi a kan murfin tukunya.

Ta jawo kwanon abincin da ke gefe ta kife shi.

"Baban Amira, kada ka dubi hannunka. Dube ni."

Ya dube ta. Ta sa farce a gindin kwanon. Kaf-kaf-kaf-kaf. Ta ɗan tsaya. Kaf, kaf-kaf. Sannan uku da sauri, da wani guda mai nauyi a ƙarshe.

Idonsa ya buɗe. "Sake."

Ta sake. Ta kuma sakewa. Kansa ya fara bin kiɗan.

"Ba ka da aiki sai wanga abu tun da asuba," ta ce da muryar da take yi masa a wancan lokaci, tana bugawa, hawaye na bin kumatunta. "Shayinka na hucewa. In ya huce ba ni sake ɗumamawa."

"Ke dai zuba madara," ya amsa, yadda ya saba amsawa.

Bakinsa na faɗin haka, hannayen suka tafi da kansu. Kaf-kaf-kaf-kaf, kaf, kaf-kaf, uku da sauri, da guda mai nauyi. Na ƙarshen da karyayyen yatsa ya buga shi. Ya saki wata ƙara ya kife a kafaɗar Baba Yahaya.

Salima ta janye laftof ɗin a hankali kamar mai ɗauke ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Ta dubi abin da ya fito, shirme ne tsantsa, haruffa da lamba da wata alama. Ta kwafe shi ta ba akwatin makullin. Ta buga wani abu, ta jira. Ta sake buga wani.

"Yaya Salima," in ji Mufida.

Salima ta juyo mata da sikirin. Dogayen sunayen nan na shirme sun tafi. Ga folda an rubuta Hotunan Amira, ga Aikin Maiyama, ga Kyamarar Kimba.

"Ɗauki wayarki," in ji Salima. "Ga dogayen lambobin da mijinki ya ce wa sai anjima. Ɗauki hotonsu, ki kuma rubuta, ki sa a langar turaren."

Direban nan mai karyayyar cinya ya ce, "Wallahi ni matata ko ƙarar motata ba ta ganewa." Wannan karon an yi dariya.

Baba Yahaya bai saurari kowa ba. Ya riga ya sa mutum biyu sun danne Waliyyu, yana jan yatsun yana tofi. Mufida ta tashi za ta je wurinsa, Waliyyu ya ce ta cikin haƙora, "Tahi. Kada a tashi daga ofis."

Suka iso Jega rana ta yi sanyi. Babban jami'in caji ofis yana shirin fita, Salima ta ajiye laftof a kan teburinsa tun bai ce a ajiye ba. Ya aika aka kira Alhaji Zayyad. Aka kunna.

Ga rumbuna a tsaye cikin rana. Ga Malam Audu a gindin bishiya yana alwala. Can gefe, a wata gona da aka yi shara aka cinna wa tarin kara wuta, sai guguwa ta taso, irin ta bazara mai juyawa. Ta bi ta kan wutar ta kwashi karare masu ci, ta yi sama da su, ta watsa a kan rufin rumbun farko. Ga Malam Audu ya yar da buta ya ruga. Ga shi ya tuɓe riga yana dukan wutar, rigar ta kama, ya yar, ya koma fizgar ciyawar da hannu. Ya faɗi, ya tashi, ya koma.

Alhaji Zayyad ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya kalla har ƙarshe, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce wa jami'in ya janye ƙara.

Kafin magariba aka fito da Malam Audu. Mufida ta gaya masa komai a bakin ƙofa. Bai ce a kai shi gida ba, ya ce a kai shi Aliero. Da ya shiga rumfar, Waliyyu ya yunƙura zai durƙusa, tsohon ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa ya hana shi. Ya zauna a bakin tabarmar, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi ɗaurin ya daɗe.

"Sannu," in ji shi.

"Yauwa, Baba. Sannu da hannu."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Da aka kawo tuwo, Malam Audu ya jawo kwanon tsakaninsu ya ce a kawo cokali biyu, don duk cikinsu babu mai hannun ci.

Malam Audu bai koma gadi ba, ko da Alhaji Zayyad ya aiko har sau biyu. Yana Kimba yana kiwon tumakinsa. Salima tana nan a shagonta na bayan tasha, kuma duk wanda ya kawo mata kwamfuta sai ta tambaye shi inda ya ajiye lambobinsa. Hannun Waliyyu ya warke, amma yatsan tsakiya da na kusa da shi sun sandare, ba sa lanƙwasuwa. Ya bar haɗa ƙananan wayoyi, ya koma ɗora faifan sola a kan rufi, ƙanensa na yi masa aikin yatsu. Mufida ta haifi namiji bayan shekara, aka sa masa sunan Baba Yahaya.